Takardar da Ta Kwana Bakwai a Akwatina

Rijiyar Gamji,
ta hanyar Ɗambatta.
Laraba, 3 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rukayya da yara. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya kuma wannan jira da kake ciki? Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga abin ƙi, ya raya su Najib a kan addini duk da nisan inda suke tasowa. Ka gaya wa Rukayya na ga hoton Zuliha da ta turo. Na daɗe ina kallonsa. Goshin Innarmu ne sak, har da yadda take ɗaure shi idan an sa ta tsayawa wuri ɗaya.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fara nuna, tsuntsaye sun sa shi a gaba, gyaɗa ta rufe ƙasa, waken da aka sa a tsakanin dawa ya fara yaɗo. Baffa Nababa har yanzu yana fita gona kullum da hantsi, ko da ba zai yi komai ba sai ya tsaya a bakin iyaka ya kushe noman maƙwabta. Idonsa na hagu ya ƙara yin yana, gwiwoyin kuma sai a hankali, amma cin abinci ba laifi. Gidan nan da ka sani mai sassa uku, yanzu mu biyu ne a cikinsa. Tun rasuwar matarsa Iya Tahira shekara uku da suka wuce, da kuma kai ƙanwarmu Nana Hafsat ɗakin mijinta a Kano, ƙaramar tukunya nake ɗorawa, ita ma sai tuwo ya kwana. Ɗakin Inna ya zube a ruwan watan Yuli. Ban gaya maka ba a lokacin. Na kwashe ƙasar, na shuka kuɓewa a wurin, ta kuwa yi kyau fiye da ta ko'ina. Akwai ranakun da tun daga asuba har azahar ba na buɗe baki sai idan akuya ta yi ɓarna. Ba ƙorafi nake yi ba, labari nake ba ka.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa da hannu alhali muna waya. Ka san sabis ɗinmu, sai na je gindin kukar bayan gida, kuma can ɗin hanyar mutane ce. Ban da haka, maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Sau biyu na ɗauko ta, da na ji muryarka sai na koma tambayar yara. A biro kaɗai na iya faɗin gaskiya, tun muna sakandare haka nake, ka sha yi mini dariya a kan littattafan da nake cikawa da labarin abin da ya faru kowace rana. A cikin ambulan ɗin nan akwai takarda biyu. Mai jan hatimi ita ce ta kotu, wadda kake jira. Ka fara kai ta wurin lauyanka tukuna, kada ka tsaya karanta tawa. Idan ka dawo ka zauna, sai ka karanta.

Bari in maimaita abin da ka gaya mini ranar Lahadi goma ga Agusta, kamar yadda na rubuta shi a littafina, don in na fahimce shi a karkace ka gyara mini. Ka ce izinin zaman da ka shiga da shi ƙasar tun kana ɗalibi, da wanda ya biyo bayansa, sun ƙare. Ka ce cibiyar binciken irin shuka da kake wa aiki tana son ta riƙe ka, shi ya sa ta nema maka wani izinin aiki na musamman, na shekara biyar, wanda ake ba baƙi masu ƙwarewar da ba a samu cikin 'yan ƙasa ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ka ce wannan izini ba haƙƙin kowa ba ne. Ko takardunka sun cika cif, jami'in da fayil ɗinka ya faɗa hannunsa yana da ikon ya ba ka ko ya hana, ya ga dama ne kawai, kuma ba dole ne ya yi maka dogon bayani ba. Shi wannan jami'i ya lura takardunka na sakandare da na jami'a suna ɗauke da Khalilu Nababa, fasfo da digirinka na can kuma Khalilu Iliyasu. Rantsuwar da ka yi da kanka shekarun baya cewa mutum ɗaya ne ba ta gamsar da shi ba. Yana so shi mai sunan, wato Nababa, ya je gaban kotu ya rantse cewa ba shi ya haife ka ba, ya bayyana yadda sunansa ya hau takardunka. Kuma ainihin takardar suke so, ba hoto ba, kafin ƙarshen ranar Juma'a goma sha biyu ga Satumba. In ba ta iso ba a rufe fayil, ku tattara ku taho. Ka faɗi wannan duka a cikin minti shida, kana sauri za ka shiga taro. Ka ce ai abu ne mai sauƙi, Yaya Juwai, layi uku ne.

Kai ba za ka tuna ranar da aka yaye ka ba, ni kuwa ina da shekara bakwai. Ni aka goya wa kai, na zagaya da kai ta ƙofar zana daga sashenmu zuwa sashen Baffa, tafiyar da ba ta kai taku ashirin ba. Shekararsu tara da aure shi da Iya Tahira Allah bai ba su haihuwa ba. Babanmu ya ce wa ƙaninsa ga yaro nan, ya ba shi duniya da lahira. Daga ranar ban sake jin Baba ya ce ɗana a kanka ba. Idan ka yi ɓarna a sashenmu sai ya ce a kira Nababa ya zo ya ɗauki yaronsa. Inna kuwa, in kana zazzaɓi, sai ta laɓe a jikin zana tana sauraron numfashinka, ba za ta shiga ba don kada Iya Tahira ta ga kamar ba a yarda da riƙonta ba. Da aka kai ka firamare hedimasta ya tambayi sunan uba, wanda ke riƙe da hannunka ya faɗi nasa. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Duk garin nan an san wanda ya haife ka, kuma duk garin nan ba wanda ya taɓa faɗa a gaban Baffa. Kai kana ce masa Baba, ni ina ce masa Baffa, a kwano ɗaya muke ci, ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Sunan na biyu kuwa aikina ne, ka sani, amma ba ka taɓa ɗora mini ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, da ka samu gurbin karatu kana neman fasfo cikin gaggawa, ka aiko in karɓo maka takardar shaidar haihuwa da ta asalin ƙaramar hukuma. Aka miƙo mini fom, na ga an rubuta sunan mahaifi. Na tsaya da biro a hannu. A lokacin Baba bai cika shekara da rasuwa ba. Na ce a raina hukuma ce ke tambaya, ba a yi wa hukuma kara, sai na rubuta Iliyasu. Na nemo littafin waccan shekarar na duba. Abin da na rubuta a ranar shi ne na cika komai daidai, ba kuskure ko ɗaya. Har na ja layi a ƙarƙashi. Da na tambaye ka, ko na tambayi Baffa, ko ma na dubi satifiket ɗinka da ke rataye a ɗakin Iya Tahira, da yau ba mu zo nan ba. Har yanzu ban san ko gaskiyar na bi a ranar ba, ko kuwa so nake in ga sunanmu ɗaya ni da kai ko da a takarda ne.

Kwana huɗu na yi ina juya maganar kafin na iya gaya wa Baffa. Ranar Alhamis goma sha huɗu ga wata na same shi a zaure da la'asar yana gyaran ƙotar fartanya. Na bi ta nesa, na fara da izinin. Ya saurara sosai. Ya ce shi ya gane, ai kamar zamanin tsohon dagaci ne, lokacin da baƙo kan zo neman gona, in dagaci ya ga dama ya yanka masa, in bai ga dama ba ya ce babu. Sai ya tambaya wane ne wannan jami'i, ɗan wane gida ne, a samu dattijo ya je ya gaishe shi. Na ce Baffa ba a ganinsa, ko sunansa Khalilu bai sani ba, lamba ce kawai a ƙasan takarda. Ya ajiye fartanyar. Ya ce mutumin da ba a sani ba, shi ma bai san kowa ba, da me zai auna mutum har ya ga dama? Ya ce dagaci ko mugu ne ya san uban kowa. Daga nan ya koma zolayar da ya saba, wai yaron da bai taɓa yin huɗa ta miƙe ba shi ne yau Turawa ke riƙewa ya koya musu iri, lallai yunwa na nan tafe a ƙasarsu. Yana cikin dariyar nan na faɗi sauran. Na faɗe shi yadda ka faɗa mini, layi uku. Khalilu, da na san yadda fuskarsa za ta koma, da na bar maka ka faɗa da bakinka. Ya ɗauki buta ya fita, alhali da sauran lokaci kafin magariba.

Kwana goma sha biyu ya ɗauka. Ranar farko ya ce zai yi tunani. Ta biyu ya ce gwiwa ba za ta bar shi shiga mota ba, a ranar kuwa da ƙafa ya je har gonar bakin rafi. Sai ya ce katinsa na ɗan ƙasa ya ɓata. Na samo shi a aljihun rigar Sallarsa, ya dube ni ya ce wa ya aike ni. Abokinsa Malam Ɗanladi, wanda suke zaman dara tun suna samari, shi na roƙa ya sa baki. Ka san Malam Ɗanladi ba ya iya magana sai da tsiya. Ya ce masa kai Nababa, tsoron kotu kake yi, ko akwai tsohuwar shari'ar akuyar da ka ɓoye mana? Baffa ya ce masa ya je ya rantse a kan nasa 'ya'yan goma sha ɗaya tukuna, in ya dawo ya ba shi labarin yadda abin yake a baki. Malam Ɗanladi ya fito ya same ni a tsakar gida, ya ce 'yar nan, wannan ba ta wasa ba ce, ki bar shi ya sauko da kansa. Bayan sallar Juma'a Baffa ya tsaya wurin liman. Ina jin ya je ne da fatan a ce masa akwai wata hanya. Liman ya gaya masa ai gaskiya ce zai faɗa, addini ma ya fi son a jingina kowa ga mahaifinsa, kuma ladan riƙonsa na nan ba abin da zai taɓa shi. Ya dawo ya ba ni labarin da kansa. Ya ce liman bai yi ƙarya ba, sai dai shi liman a gidansa akwai masu ce masa Baba har sun yi masa yawa. A cikin kwanakin nan ka kira sau uku, ya ce in ce yana gona. Sau ɗaya ne kawai yana gonar.

Ranar Litinin da hantsi ya leƙo inda nake tankaɗe ya ce in wanke masa farar rigarsa. Washegari Talata, ashirin da shida ga wata, muka tafi kotu mu uku da Malam Ɗanladi a matsayin shaida. Akawun da ke buga takardu ya buga abin da lauyanka ya turo, aka shigar da mu wurin rajistara. Mutum ne mai kirki, bai kai ka shekaru ba, ya tashi ya ba Baffa kujerarsa mai hannu. Ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, ya ce Baba sai ka maimaita bayana. Baffa ya ce a dakata ya sake alwala, ko da yake da ita ya fito daga gida. Ya dawo ya dafa Alƙur'ani. Ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, ya faɗi cewa Iliyasu wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka zo layin da ke cewa ba shi ya haife ka ba, sai ya tsaya. Ya tambayi rajistara ko takardar na da wurin da za a sa cewa shi ya ɗauke ka a kafaɗa daga Rijiyar Gamji har asibitin Ɗambatta shekarar ƙyanda, da ruwa ya cinye hanya jaki ya ƙi shiga. Ya ce ko a sa cewa shi ya je neman aurenka, shi ya karɓa maka. Rajistara ya ce Baba waɗannan mutane ba su tambayi wannan ba, amma zai iya ƙara layi ɗaya. Aka mayar wa akawu, aka sake bugawa. Za ka gan shi, shi ne na huɗu, inda aka ce ya riƙe ka tun kana shekara biyu har ka zama mutum. Ban sani ba ko lauyanka zai so wannan ƙari, amma ni ban iya hanawa ba. Sannan Baffa ya faɗi abin da aka kawo shi ya faɗa. Ya faɗe shi da ƙarfi, kamar mai kiran wani a ƙetaren gona, har mutanen da ke baranda suka waiwayo. Ya dangwala yatsa, aka buga hatimi.

A mota Baffa ya yi ta goge tawadar da ke babban yatsansa da gefen rigar da na wanke. Da muka sauka ya miƙo mini ambulan ɗin ya ce gobe da sassafe in kai Kano in aika, tunda an yi an gama. Da yamma na kai masa tuwo ya ci loma biyu. Ya ce Juwai, kin san abin da na yi yau? Na rantse ba nawa ba ne, don a samu a riƙe shi shekara biyar a inda ba zan gan shi ba. Ya ce ko shi ne jami'in, ai sai ya tausaya wa tsohon da ya yi irin wannan ciniki. Ya yi 'yar dariya, ni na kasa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Khalilu, ban kai takardar ba. Ranar Laraba na shirya, na sa mayafi, na ga hadari ya haɗu ta gabas, na ce kada ruwa ya jiƙa ta, na sa ta a ƙasan akwatina ƙarƙashin zannuwa. Ba a yi ruwan ba. Ranar Alhamis na ce kaina na ciwo. Juma'a na ce ana tashi aiki da wuri. Asabar da Lahadi na ce ba a buɗe ofis, ban kuma tambayi kowa ko haka ne ba. Litinin na ce kwalbatin hanya ya karye, alhali motoci na zagayawa ta gefe. Talata ban ma nemi dalili ba. Baffa ya ɗauka na kai tun ranar farko, don na fita da mayafi na je gidan Aina'u mai ƙuli-ƙuli na zauna har azahar. Kai kuma da ka kira ranar Asabar na ce maka ana kan hanya. Ka ce Allah ya saka da alheri, Yaya Juwai, ban san yadda zan yi ba in ba ke. Na dawo daga gindin kuka na rubuta wannan ma a littafina.

Littafin ne ya fara tona ni a wurin kaina. Jiya na buɗe shi na karanta kwanakin a jere, kowace rana da uzurinta, kowanne da kyakkyawan rubutu. Da a ce na wata ne aka ba ni in karanta, tun a rana ta uku zan ce wannan mata ba ta son takardar nan ta tafi. Gaskiyar ke nan. Tun ranar da ka ce in ba ta iso ba za ku tattara ku taho, wannan rabin maganar ne ya zauna mini. Na riƙa ganin sashen Iya Tahira an share, an sa labule, Zuliha na bin kaji. Na riƙa ganin ranar da Baffa zai kasa tashi, akwai namijin da zai kama shi mu kai shi bayan gida, ba sai na fita ina sallama a ƙofar mutane ba. Shekararsa saba'in da takwas. Na ƙara biyar a kai, na ƙara biyar a kan nawa arba'in da ukun, na rufe littafin. Na ce wa kaina ai ko ta je, jami'in na iya hanawa, to mene ne laifina in ta ɗan makara? Ban yi tunanin shekarun da ka kashe a kan aikin nan ba, ko makarantar yara, ko Rukayya. Na yi tunaninsu, in faɗi gaskiya, sai na kawar da kai. Wani mutum a can yana da ikon ya ga dama a kan rayuwarka, kana ta fargabarsa, ashe ga wata a gida ta ɗauki irin wannan iko ba wanda ya ba ta.

Yau da azahar rana ta buɗe bayan kwana biyu ana lumshi. Kayan akwati sun fara warin sanyi, na fito da su tsakar gida ina shanyawa. Wallahi na manta tana ciki, ko kuma na so in manta, ban sani ba. Baffa ya dawo daga gona ya tsaya a kaina. Idon da ba ya bambance tunkiya da akuya daga nesa, shi ya hango ambulan a kan tabarma. Ya sa sanda ya taɓa shi, ya ce mene ne wannan. Ya sunkuya da gwiwoyin nan nasa ya ɗauka, ya zaro takardar, ya shafa hatimin da yatsa. Na jira faɗa. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Sai ya jawo turmi ya kifa ya zauna. Ya ce Juwai, maganar da na shekara talatin da shida ban faɗa ba, kin sa na faɗe ta a gaban mutane da Alƙur'ani a hannuna, sannan kika kawo ta nan kika lulluɓe da zani? Ya ce in dai ba za ta yi wa yaron amfani ba, to a kan me ya faɗe ta? Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya tambaya kwana nawa ke nan, na ce bakwai. Ya ce to shi goma sha biyu ya sata, ni bakwai, ashe ɓarayi biyu ne a gidan, kuma shi ne babba. Ya ce in daina ganin ni kaɗai na yi wannan lissafi, shi ma ba gwiwa ce ta hana shi shiga mota ba. Amma ya ce yaron da aka tare wa hanya aka dawo da shi, ko yana kwana a ɗakin nan ba ya gida. Ya ce shi ya gama nasa a kotu, saura ni, in rubuta maka abin da na yi da hannuna, in sa a ambulan ɗaya.

Ga shi na rubuta. Motar Kano ta safe ce, ta yau ta riga ta wuce, sai gobe Alhamis. Na kira mijin Nana Hafsat ya tambayo mini kamfanin aika saƙo, sun ce kwana biyar zuwa takwas. Daga gobe zuwa ranar da aka yanka maka kwana takwas ne cif. Da na kai ta ranar da aka ce in kai, da yanzu tana hannunka ko tana dab da isowa. Idan ta iso a kan lokaci, Allah ne ya rufa mini asiri. Idan ta makara, kada ka zargi kamfanin, kada ka zargi Baffa, kada kuma ka ce ƙaddara ce kawai don ka sauƙaƙa mini. Ni ce. In lauyanka na ganin zai yi amfani a gaya wa jami'in dalilin jinkirin, ka ba shi wannan wasiƙa ya fassara, ban damu da wanda zai karanta ba. Ina neman gafararka da ta Rukayya. Ba na cewa ka yafe yanzu. Abu ɗaya nake roƙo, ka kira Baffa, kada ka bari sai an yanke hukunci. Zan kai masa wayar har gindin kuka, wannan karon ba zan ce yana gona ba ko ya ce in faɗa. Kada ka yi masa godiya a kan takardar, ba zai so ba. Ka tambaye shi gero kawai, ka bar shi ya zage ka a kan huɗa.

Game da addu'a, na gwada roƙon Allah ya sa a ba ka, na ji bakina na faɗa zuciyata ba ta bi ba. Ɗayan kuma na ji kunyar roƙonsa. Sai na tsaya a kan Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ni kuma ya ba ni ikon ɗauka.

Ka gaishe mini da Rukayya sosai da sosai, ka shafa mini kan Najib da Zuliha, ka ce musu suna da gwaggo a wani gari mai yawan kuɓewa. Nana Hafsat da mijinta suna gaishe ku. Malam Ɗanladi ya ce a gaishe da Bature, wai in an hana ka izini ka zo ya ɗauke ka tsaron tsuntsaye, shi ba ya tambayar takarda. Aina'u ma tana gaisuwa, ba ta san abin da ya zaunar da ni a gidanta ba. Baffa yana gaishe ku da kyau. Ambulan ɗin yana aljihunsa tun ɗazu, ya ce in na gama in kawo tawa ya haɗa da kansa. Gobe tare za mu tafi Kano, da gwiwar da komai, shi zai miƙa ta da hannunsa. Na ce Baffa ai zan iya ni kaɗai. Ya ce ya sani, amma bai yarda da ni ba, kuma bai yarda da kansa ba, gara mu je mu biyu kowa na tsaron ɗan'uwansa.

Allah ya sada mu da alheri, a nan ko a can. Wassalam.

Taka yayarka,
Juwairiyya.